Da gaske man da nake shafawa zai iya taɓa ɗan da ke cikina?

Maman Hanifa, Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da ciki wata biyu. Da na je awo, nas ta kama hannuna, ta duba gaɓoɓin yatsuna da suka yi duhu, ta ce in daina shafa man bilicin, kuma kada in ƙara sayen magani a kemis ban faɗa musu ina da juna biyu ba. Man haɗi ne, a roba marar rubutu nake saya. Surukata ta ce tsoratarwa ce kawai, wai mahaifa na tace komai, su da suka haifi goma ba su ga komai ba. Hankalina ya ƙi kwanciya. Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani.

Yaya Famasis, Idi-Araba:

Wa alaikumus salam. Allah ya raba lafiya, 'yar uwa. Maganar Hajiya surukarki, likitoci da dama ma sun taɓa yarda da ita, kafin thalidomide. Maganin barci ne da kamfanin Grünenthal na Jamus ta Yamma ya fito da shi a 1957, mata masu laulayi suka riƙa sha saboda tashin zuciya. Jarirai fiye da 10,000 aka haifa da nakasa, wasu babu damtse babu sangali, sai 'yan yatsu a jikin kafaɗa.

Matar da nake so ki sani ita ce Dakta Frances Kelsey, haifaffiyar Kanada. A 1960 ta kama aiki a FDA, hukumar da ke yi wa Amurka irin aikin NAFDAC, aka miƙa mata takardun neman izinin sayar da wannan magani a matsayin aiki mai sauƙi. Ita kuwa tun tana Jami'ar Chicago, lokacin yaƙin duniya na biyu, ta yi bincike kan kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, a jikin zomaye. Ta ga yana ratsa mahaifa ya isa ga ɗan tayi, kuma jikin ɗan tayin ba ya iya narkar da shi kamar na babban zomo. Da wannan ilimin ta ce sai an kawo mata ƙwaƙƙwarar shaida. Kamfanin Amurka da ya nemi izinin ya yi ta matsa mata lamba, ta tsaya kan bakanta, ta ƙi ba da izinin. A 1961 Dakta Lenz a Jamus da Dakta McBride a Ostireliya suka danganta maganin da nakasar. A 1962 Shugaba Kennedy ya ba ta lambar yabo, aka kuma tsaurara dokar gwajin magunguna. Ta rasu a 2015 tana da shekara 101. Duk ranar da na tambayi mace "Kina da ciki?" kafin in miƙa mata magani, ita nake tunawa.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne lokacin. Ɓarnar thalidomide tsakanin kwana 20 zuwa 36 da shigar ciki take aukuwa, sa'ad da mata da yawa ba su ma tabbatar sun yi ɓatan wata ba. A watanni ukun farko ake halittar zuciya da gaɓoɓi.

Shi kuma haɗin bilicin, wasu ana zuba musu makuri, wani sinadari mai guba wanda ke shiga ta fata, ya ratsa mahaifa, ya cutar da ƙwaƙwalwa da ƙoda. Roba marar rubutu, ba lambar NAFDAC, ba wanda zai rantse miki abin da ke ciki. Ki ajiye shi yau, ki riƙa shan folik asid ɗin da aka ba ki kullum.

Malam Mai Gwangwan, Alaba Rago:

Maman Hanifa, ni ba ɗan boko ba ne, sana'ar bola nake yi. Ina so mazajenmu su ji wannan. Mai fasa tsohon batir ko ƙona waya yana komawa gida da ƙurar dalma a riga da farce, matarsa mai ciki ta wanke kayan da hannunta. A Zamfara a 2010 yara fiye da 400 dalma ta kashe, saboda ana niƙa dutsen zinare a tsakar gida. Ni a shago nake barin kayan aiki, in yi wanka kafin in ɗauki yaro.

Maman Hanifa, Agege:

Na gode ƙwarai. Amma Yaya, ai na riga na shafa har wata biyun nan. Shi ke nan na cutar da shi?

Yaya Famasis, Idi-Araba:

A'a ƙanwata, kada ki sa wa ranki haka. Ba kowane haɗi ne ke da makuri ba, kuma illa tana bin yawan abin da ya shiga jiki da daɗewarsa. Ki tafi da robar wurin awo na gaba, ki gaya wa likita tun yaushe kike shafawa, ki nemi a yi miki hoton ciki wajen mako na 20. In kuma akwai maganin da likita ya ɗora ki a kai, kamar na farfaɗiya ko hawan jini, kada ki daina da kanki, ki je ya duba ko zai canza miki. Ranar awon ki roƙi Hajiya ta raka ki, ta ji daga bakin nas.