Mai In'inar da Ya Zama Muryar Sarki: Musayar Baitoci kan James Earl Jones

Malam Auwalu:

Da sunan Allah nake buɗe fage,
Shi ya ba ɗan Adam harshe da murya.

Zancen James Earl Jones na kawo muku,
Ɗan wasan Amurka, sananne a duniya.

Ran 17 ga Janairun 1931,
A Arkabutla ta Misisifi ya soma tafiya.

Uban ya bar gida tun ɗan bai san shi ba,
Ga uba da rai, yaro na zaman maraya.

Yana shekara 5 kakanni suka ɗauke shi,
Sai gona a Mishigan, bayan doguwar hanya.

Can in'ina ta ɗaure harshensa tam,
Kalma ta maƙale a wuya kamar ƙaya.

In ya buɗe baki yara su bushe da dariya,
Sai ya ɗinke shi, ya zaɓi ɓuya.

Kusan shekara 8 yana zaman bebe,
Dabbobin gona kaɗai yake wa hira ba kunya.

To ga tambayata gare ku, ma'abota sani,
Muryar nan baiwa ce, ko horo da shan wuya?

Wanda ya san yadda aka yi ya amsa mini,
Da baiti da hujja, kada a sa ƙarya.

Malama Hadiza:

Malam Auwalu, na karɓi tambayarka,
Kaurin maƙogwaro, wannan kam baiwa.

Amma kauri ba ya furta harafi,
Ganga ba makaɗi ba ta sa rawa.

A sakandaren Brethren akwai wani malami,
Donald Crouch, mai son waƙa da karantawa.

Yaron ya rubuta waƙa a kan garehul,
Malam ya duba, ya ga tsari da iyawa.

Ya ƙalubalance shi, in shi ya tsara ta,
Ya tashi ya kawo ta da ka a gaban kowa.

Ya miƙe ya ɗauko ta tun daga farko,
Har ƙarshe, ba tuntuɓe ba faɗuwa.

Ga dalilin, don masu koyar da yara,
Mai in'ina ya fi shan wuya wurin farawa.

Harafin farko shi ne ke riƙe shi,
Iska ta tsaya, leɓe na ta karkarwa.

In kalma a rubuce take, an haddace ta,
Babu laluben wata a tsakiyar furtawa.

Kari kuma na ba shi wurin shan iska,
Ya san gaɓar tsayi, ya san ta wucewa.

Shi ya sa mai in'ina kan rera waƙa
Sumul, ka rantse bai san sarƙewa.

Daga nan Crouch ya tura shi muhawara,
Da karatu a fili, kullum maimaitawa.

In'inar fa ba ta bar shi ba har tsufa,
Shi da bakinsa ya sha faɗa, ba ɓoyewa.

A ganina jinkirin nan nasa mai nauyi,
Daga auna kalma ya zo kafin sakewa.

Baba Ɗanjuma:

'Yata Hadiza, kin yi bayani,
Bari in ɗora, da sauran labari.

Kada matasa su zaci daga aji
Sai ɗakin ɗaukar murya, ba wani shiri.

Jami'ar Mishigan ya je don likitanci,
Wasan kwaikwayo ya ja shi, ya sauya buri.

Ya yi soja, ya sauka, ya nufi Niyok,
Yana shara da goge-goge, yana nazari.

A American Theatre Wing ya yi karatu,
Sai dandamali, inda ƙarfe ke yin tauri.

Dandamali bai san a sake ɗauka ba,
In ka yi kure, ya tafi gaban jama'ar gari.

Wasa 8 ake yi a mako a Broadway, unguwar gidajen wasa ta Niyok,
Mai ihu da maƙogwaro zai dushe da wuri.

Ga yadda ake yi, iska ta sauka ciki,
Haƙarƙari ya buɗe, kafaɗa ta yi haƙuri.

Sai ka sake ta a hankali bisa wasali,
Baƙi ka cije shi, kar ka haɗiye don sauri.

Na kujerar baya harafin ƙarshe yake jira,
In ya ɓace masa, an ba shi miya ba gishiri.

A 1968 ya fito a ɗan dambe,
The Great White Hope, wasa mai zafi da tsari.

Kyautar Tony ya ɗauka a 1969,
Fim ɗinsa na 1970 ya kai shi jeri

Na 'yan takarar Oscar ta babban jarumi,
Baƙar fata na biyu, Sidney Poitier ne na fari.

A 1987 ya ƙara Tony da Fences,
Uba mai kwasar shara, mai zuciya da tauri.

Yusufu:

Baba Ɗanjuma, a gafarce ni,
Mu 'yan baya a Star Wars muka san shi.

Darth Vader, baƙin kwalkwali, baƙar alkyabba,
Magana na fita haɗe da nishi.

Shin shi ne a cikin rigar nan?
Kuma da bakinsa yake wannan numfashi?

Wasu sun ce inji ne ya ba shi kauri,
Yaya Sale, amsa kai muke bi bashi.

Injiniya Sale:

Yusufu ƙanena, ga ta dalla-dalla,
Mutum 3 ne a jikin nan, sai ka bambanta.

David Prowse ɗan Ingila ya sa rigar,
Dogo, ƙaƙƙarfa, shi ke shiga shi ke fita.

Ya faɗi kalaman a cikin kwalkwali,
Karin harshensa na Bristol bai yi kama da mugunta.

George Lucas, mai fim ɗin, ya kira Jones situdiyo,
Awa 2 da rabi ya tsaya ya karanta.

Dala 7,000 ne ladan fim ɗin 1977,
Sunansa ma ya nemi kada a rubuta.

Yana ganin aikin na mai rigar ne,
Sai a 1983 sunan ya fita.

Numfashin kuwa aikin Ben Burtt ne,
Na'urar shaƙar masu nutso ya sarrafa ta.

Ƙaramin makirfo ya cusa cikinta,
Ya ja iska, ya saki, ya maimaita.

An ɗan taɓa muryar don ta dace da kwalkwali,
Amma kaurin nasa ne, inji bai ƙirƙira ta.

Yanzu ga aikin, ga mai son gwadawa,
Tazarar baki da makirfo ka fara daidaita.

Taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20,
Ka sa rariyar iska a tsakani, ka kafa ta.

In ka matso ƙwarai, kauri zai ƙaru,
Na'ura mai ji ta gaba, haka halittarta.

Masu kwaikwayon Jones nan suke faɗawa,
Su manna baki, kauri ya danne kalma ya ɓata ta.

Harafin b da f iska suke harbawa,
Ta bugi makirfo bum, don haka ka karkata.

Kau da shi kaɗan daga saitin leɓe,
Iska ta wuce gefe, murya kaɗai ya tsinta.

Ma'aunin ɗaukar sautin fim kilohaz 48 ne,
Da bit 24, kar ka taƙaita.

Ƙololuwar ƙara, desibel 6 ƙasa da sifili,
In ta taɓa ja ta fashe, ba mai gyara ta.

Bango tsirara na maido da amsa-kuwwa,
Bargo da labule mai kauri ke shanye ta.

Kashe fanka, ka ɗau shirun ɗaki daƙiƙa 30,
Da shi ake liƙe jimla in an yanka ta.

Busasshen baki na ƙyas-ƙyas a faifai,
Ruwa ya zauna kusa, bayan minti 30 a huta.

Hajiya Rabi:

Injiniya, ka ba mu awo da ma'auni,
Amma awo kaɗai ba ya naɗa sarki.

A 1994 Disney ta ba shi Mufasa,
The Lion King, uba ne kuma zaki.

A katun murya ake fara ɗauka,
Sannan masu zane su bi ta da aiki.

Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa,
Kowane wasali da siffar da ake ba baki.

Ɗan wasa na tsaye, shi da takarda,
Ba daji, ba ɗa, sai bango huɗu na ɗaki.

Layi ɗaya ya kawo shi kala 3 ko fiye,
Darakta ya zaɓi wanda ya zauna a jiki.

Masu zane sun kalli fuskarsa yana yi,
Suka ɗebi yanayinta suka zuba a ciki.

Ga abin da nake so Yusufu ya lura,
Maƙogwaro ɗaya ya yi mugu ya yi na kirki.

Vader ba ya hawa, ba ya sauka,
Murya miƙaƙƙiya, an danne ta da birki.

Mufasa kuwa in ya tsawata wa ɗansa,
Sai ya sassauto, ka ji tsoron uba a ciki.

Kuskuren sabon shiga ya yi ta ruri,
Ya zaci girma a ƙara yake da haki.

Rabin daƙiƙa na shiru kafin kalma
Shi ke hana mai sauraro motsa jiki.

A Coming to America na 1988,
Madge Sinclair ce sarauniya, shi yana sarki.

Ita ce kuma Sarabi, matar Mufasa,
Sau 2 suna mata da miji a fagen aiki.

A 2019 aka sake fim ɗin da sabbin muryoyi,
Shi kaɗai aka maido, kuma ba abin mamaki.

Yusufu:

Hajiya, na gode. Yaya Sale, ƙarin haske:

Masu fassarar finafinan Indiya a Kano,
Hoto ya riga su, ta yaya murya ke bin shi?

Injiniya Sale:

Wannan kishiyar katun ce, Yusufu,
Fuska ta riga ta motsa, kai ke bin ta.

A Amurka ƙara 3 ake bugawa a kunne,
A gurbin ta 4 ka shiga ka furta.

Ka ƙirga gaɓoɓin jimlar asali,
In Hausarka ta fi tsawo, sai ka rage ta.

Inda leɓe ya rufe, ka sa m ko b,
In ka sa wasali, ƙarya ta fito, ido ya gan ta.

Malam Auwalu:

Allah ya ƙara basira, 'yan'uwa,
Saura talabijin, kar mu bar shi a baya.

A 1969, a shirin yara Sesame Street,
Ya jero haruffan Turanci ɗaya bayan ɗaya.

Yana tsayawa tsakanin kowane biyu,
Don yaro ya faɗa da kansa har ya iya.

A 1979 ya fito a Alex Haley,
Marubucin da ya bi sawun kakanni har Gambiya.

A 1991 kyautar talabijin ta Emmy 2 ya haɗa,
Gabriel's Fire da Heat Wave, ba jayayya.

Kalma 3 da ke shelar tashar CNN,
Muryarsa ce, ta shiga gidajen duniya.

Malama Hadiza:

Malam, akwai batun da ke ci mini rai,
Na 2022, kuma yana ta ƙaruwa.

Da ya tsufa ya ba Lucasfilm, masu Star Wars, izini
Su riƙe muryar Vader in ya daina fitowa.

Respeecher, wani kamfani ne a Yukren,
Tsofaffin faifai suka ba kwamfuta tana haddacewa.

Wani ya faɗi layin, inji ya juya shi,
Ya fito da kalar Jones ta zamanin tasowa.

Shi an tambaye shi, ya yarda da kansa,
Ƙananan 'yan wasa fa, wa ke tambaya kafin kwasowa?

Kwana 118 'yan wasan Amurka suka yi yaji
A 2023, wannan na cikin abin damuwa.

Mai sa hannu ya duba abu 3 a takarda:
Wane aiki, shekara nawa, nawa ne kuɗin kowace sakawa.

Baba Ɗanjuma:

'Yata, inji kala kaɗai yake ɗauka,
Inda za a tsaya, mutum ke ba shi tsari.

Oscar ta girmamawa ta 2011,
A dandamalin Landan ta same shi, yana tsakar shiri.

A 2022 ɗin dai, a titi na 48 a Niyok,
Gidan wasan Cort ya sauya tambari.

Aka sa masa James Earl Jones Theatre,
Nan ya yi wasa a 1958, tun bai yi suna a gari.

Ran 9 ga Satumban 2024 ya rasu a Pawling,
Yana da 93, saura 7 ya cika ɗari.