Waɗanda suka zauna a ƙauyukan bakin teku, me kuka gani?

Hajiya Rabi, Unguwar Rogo:
Assalamu alaikum. An tura ɗana hidimar ƙasa Jihar Ondo, kuma bayan an tashi daga sansani aka ba shi makaranta a Ƙaramar Hukumar Ilaje, inda aka ce sai da jirgin ruwa ake isa. Mu mutanen Jos babban ruwan da muka sani bai wuce kududdufan haƙar kuza ba, saboda haka ina roƙon waɗanda suka taɓa zama ko fatauci a irin waɗannan wurare su faɗa mini yadda ake rayuwa a can.

Malam Nura, Bukuru:
Wa alaikumussalam, Hajiya. A Ilaje na yi tawa hidimar, kuma ina ba ki tabbacin mutanen suna girmama malamin makaranta. Daga Igbokoda, hedikwatar ƙaramar hukumar, ake hawa jirgi zuwa ƙauyukan da ke ciki, inda gidaje na katako ne a kan dirkoki, hanyoyin unguwa kuma gadoji ne na katako, yaro ɗan firamare yana tuƙa kwalekwale shi kaɗai zuwa aike. Abin da zai fi ba shi mamaki shi ne ruwan sha, domin ruwa ya kewaye garin ta ko'ina amma mai gishiri ne ko mai laka, don haka ana tarar na sama a tankuna, idan rani ya yi kuma a sayi na leda da jirgi ya kawo da tsada.

Ki ce masa ya yi ƙoƙari ya ziyarci Ayetoro. Mabiya wata majami'a ne suka kafa garin a 1947, suka haɗa dukiyarsu wuri ɗaya, suna su, suna ƙera jiragen ruwa, har sunansa ya kai nesa saboda wadata da tsari. Yau teku tana cin garin unguwa bayan unguwa. Wani dattijo ya nuna mini inda igiyar ruwa ke karyewa, ya ce a nan gidan mahaifinsa yake a da. Mutanen garin suna ɗora laifin a kan haƙar mai a cikin teku da ayyukan katange gaɓa da aka bayar ba a kammala ba, masana kuma suna ƙarawa da hauhawar teku da taushin ƙasar, wadda laka ce ba yashi ba. Ni dai abin da na gani shi ne, duk iyalin da ya rasa gida sau biyu ba ya sake ginawa, sai ya kwashe zuwa Igbokoda ko Legas.

Alhaji Ɗanladi, Tamunus:
Ni Ilaje ban san ta ba, amma na daɗe ina saro jatan lande da banda daga Oron da Ibaka a Akwa Ibom. A can maza ke shiga teku, amma kasuwar a hannun mata take: su ke kyafa kifi, su ke yanke farashi, kuma sau da yawa su ke ba masunci bashin raga da inji, ya riƙa biya da abin da ya kamo. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 lissafin ya rikice, saboda kifi ya yi nisa da gaɓa, masunci kuwa ba zai ƙona man da bai tabbatar zai mayar ba. Wasu masu kawo mini kaya mutanen Bakasi ne da suka dawo bayan an miƙa yankin ga Kamaru a 2008, kuma har yanzu idan suka koma kamun kifi a tsohon ruwansu sai sun biya haraji. Sannan itacen da mata ke banda da shi, wanda ke tsirowa a ruwan gishiri kuma ƙananan kifi ke girma a saiwoyinsa, yana ƙarewa, wata kaba da ake kira nipa, wadda Turawa suka shigo da ita Kalaba a 1906, tana mamaye wurinsa. Masu cewa mun tsawwala farashi a Jos ba su san wannan ba.

Malama Hadiza, Gangare:
Alhaji, gaskiya ka faɗa, amma ba asara kaɗai na gani ba lokacin da na yi aikin jinya a wani ƙauye kusa da Brass a Bayelsa. Wutar sola ta sa muna iya adana rigakafi, waya kuma ta sa mai banda tana jin farashin birni kafin dillali ya iso. Abin da bai sauya ba shi ne naƙuda idan ta zo da gardama cikin dare, domin sai an nemo jirgi, an nemo mai, an kuma jira ruwa ya cika kafin a fita. Hajiya, ki saya masa gidan sauro da rigar kariya daga nutsewa ta kansa, kada ya dogara da ta mai jirgi.

Alhaji Ɗanladi:
Haka ne, Malama, wayar ta rage mana riba, kuma ban ga laifinsu ba. Yanzu zancen da ake yi a Oron shi ne babban titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba da aka fara a 2024. Matasa suna murna, iyayensu kuwa tambayarsu ita ce wa zai rage ya gyara raga idan mota ta fara tsayawa a ƙofar gida, ga shi tuni baƙi sun fara zuwa neman filaye.