Wakilin AI (ƙirƙirarriyar basira) ɗina yana ɗaukar kayan aikin da ba shi ba, ya zan gane ko bayanina ne matsalar?

Ɗan Jekadafari:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masu harkar rubuta manhaja ku taimaka min. Kawuna yana da shago a kasuwar Tudun Hatsi nan Gombe, masara, gero, dawa, wake, kullum kwastomomi na damunsa a WhatsApp da tambaya, sai na haɗa masa wakili na ƙirƙirarriyar basira mai amsa saƙo. Kayan aiki 3 na ba shi, wato ƙananan manhajojin da yake kira su yi masa aiki, ɗaya na duba farashi, ɗaya na duba abin da ya rage a sito, ɗaya na rubuta oda, kowanne na yi masa bayani layi ɗaya. To shekaranjiya wata baiwar Allah ta rubuto "wake nawa ne?" sai ya je ya ƙirgo mata buhunan da ke sito maimakon kuɗi, wani kuma ya tambayi mudun gero aka faɗa masa kuɗin buhu, mutumin ya kira Kawu yana faɗa wlh ban ji daɗi ba don ni na sa Kawu ya yarda da abin. Ni idan na karanta bayanin ina ganinsa daidai. Ta ina ake auna shi?

Injiniyan Yelwa:
Wa alaikumus salam ƙanina. Kai kana ganinsa daidai ne saboda kai ka rubuta manhajar da ke ƙarƙashin kayan aikin, shi kuwa wakilin bai taɓa ganinta ba. Abu 3 kawai ke gabansa: sunan kayan aikin, bayanin, da jerin guraben da zai cike. Haka tsarin yake tun da kamfanin OpenAI suka fito da kiran aiki, wato hanyar da AI ke kiran kayan aiki, a watan Yunin 2023, haka kuma yake a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki da kamfanin Anthropic suka saki a Nuwambar 2024. Don haka da ido ba a auna bayani, sai an gwada.

Ka karɓi wayar Kawu ka kwaso saƙonni na gaske kamar 50, ka goge sunaye da lambobin mutane tukuna, kar ka gyara rubutun, yadda suka zo da kuskurensu da gajarce-gajarcensu haka za ka bar su. Gefen kowanne ka rubuta wane kayan aiki ya kamata a kira kuma da me za a cike shi, ka sa har da waɗanda ba sa buƙatar komai kamar "ina kwana Alhaji". Ka tura kowanne sau 3 ko fi, don abin nan ba ya maimaita amsa ɗaya kullum. Sai ka ƙirga sau nawa ya zaɓi daidai, sau nawa ya zaɓi daidai amma ya cike gurbi da shirme, sau nawa ya yi shaci-faɗi a inda ya kamata ya sake tambayar kwastoma. In za ka gyara, abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Kuma ka ɓoye saƙo 10 da ba za ka leƙa ba sai ƙarshe.

Maman Ikilima:
Abin da Injiniya ya faɗa haka ne, amma kafin nan akwai gwaji mai arha. Rubuta bayanan nan a takarda ka miƙa wa yaron da bai taɓa zama a shagon ba, ka karanta masa "wake nawa ne", in ya tsaya yana sosa ƙeya to laifin takardar ne. Kalmar "nawa" a Hausa ai kuɗi take tambaya kuma adadi take tambaya, dole ka faɗa masa ƙarara cewa a bakin mai saye kuɗi ake nufi, kuma a bayanin na sito ka rubuta yaushe BA a kiransa. Maganar mudu da buhu kuwa kar ka bar gurbin a buɗe, ka ƙulle shi ya zama ɗaya cikin biyun kawai yake karɓa, kuma dole a cike. Ni kobo ne ya taɓa ƙona ni, hanyar biyan kuɗin da nake amfani da ita a kobo take lissafi, na manta ban rubuta ba, odar naira 5,000 ta fita a naira 50, da kuɗina na cika. Sannan saƙon kuskure ma bayani ne fa ɗan'uwa, idan kayan aikin ya ce "ba a faɗi ma'auni ba, tambayi mudu ko buhu" wakilin zai gyara da kansa.

Na Wunti:
Ni ban yarda a yi ta tsawaita bayani ba. Duk saƙon da ya shigo sai an tura bayanan nan gaba ɗaya, kuma da dala ake biya. Me ya sa farashi da sito za su zama biyu? Haɗe su, a ba shi sunan hatsi ya dawo da kuɗin mudu, kuɗin buhu, da ko akwai ko babu. Ba zaɓi, ba ruɗewa.

Ɗan Jekadafari:
Allah Ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Yaya Na Wunti na haɗe su ɗin, sai dai Kawu ya ce kar a riƙa faɗa wa kowa yawan buhunansa, don haka akwai ko babu kawai yake dawowa da shi. Saƙo 34 na samu zuwa yanzu. Abin da ya rage min, da Turanci na rubuta bayanin alhali da Hausa ake turo saƙon, daren nan zan gwada na Hausa a kan saƙonnin guda in kwatanta. Injiniya, waɗanda ke turo murya fa, a cikin 50 ɗin zan sa su ko gwajinsu daban?