Kafin ka sayi tsohuwar BMW M3

Abokinmu ya ga BMW M3 samfurin E46, wanda aka ƙera daga 2000 zuwa 2006, ta ci kilomita sama da 200,000, kuɗinta kuma ya faɗo. Da ya nemi shawara, kusan kowa ya ce kada lambar mita ta tsorata shi ko ta ruɗe shi, don ana juya ta baya. Takardun sabis su ne abin nema.

Makanikan cikinmu sun fi daɗewa kan injin, S54 mai silinda shida da lita 3.2. Metal ɗinsa, wato beyarin da ke kan kuranshaf, na cinyewa, musamman idan mai motar ya saba taka ta tun injin bai ɗumama ba, ko yana jinkirin juyen baƙin mai. A tambaya ko an taɓa canza su, a kuma saurari ƙarar VANOS, na'urar da ke daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul ɗin injin. Sannan a ɗaga motar a leƙa ƙasanta ta baya, inda ƙarfen ke tsagewa.

Giyar SMG, wadda ake canzawa ba tare da taka kulochi ba, ta raba kan mutane. Ni dai ta hannu zan ɗauka. Wani dattijo ya ce a ware kuɗin gyara tun kafin a fara ciniki, domin kayan motar ba a kowane shago ake samu ba.