"Bata" ko "ɓata"? Yadda zanen shafin baya ya hargitsa zaure

Baban Yara, Garwa: Assalamu alaikum jama'a. Yau sai na amayar da abin da ke cina. Zanen barkwancin nan na shafin baya, a 'yar jaridar mako-mako mai Hausa da Faransanci, wa ke duba shi kafin a buga? Ga na wannan makon, gida huɗu. Na farko, uba ya ba yaro sefa 500 ya sayo sukari. Na biyu, yaro ya dawo da alewa, ya miƙa canji a tsaye, da hannun hagu. Na uku, an sa shi kamun kunne. Na huɗu, ya ɗago kai yana cewa "Baba kai ma djiya ka manta koudin tchefane", uwar kuma tana ƙyalƙyala dariya a bakin murhu. Maigida ya zama abin wasa a gidansa, zane kamar da ƙafa aka yi shi, rubutu kuma shi ba Hausa ba shi ba Faransanci ba. Abin nan yana bata tarbiyya, kowa ya zuba ido.

Malam na Domayo, Marwa: Wa alaikumus salam Alhaji. Ai yabonsa ka yi. "Yana bata tarbiyya", wa yake ba? Uwar? In lalatawa kake nufi, ɓata ce, da ƙugiya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Baban Yara, Garwa: Haba Malam, ka san nufina. Harafi ɗaya ne ya kuɓuce.

Malam na Domayo, Marwa: Harafi ɗaya ne tsakanin ƙafa da kafa, baƙi da baki, faɗa da fada, ƙasa da kasa.

Ɗan Kuseri: Allah ya gafarta Malam, kai ma ka yi tuntuɓe. "Ba ta" ta bayarwa kalma biyu ce, a rabe ake rubuta ta. Alhaji a haɗe ya rubuta, saboda haka ba wanda zai karanta ta yadda ka ce sai mai neman magana. Kuma ni "tchefane" bai dame ni ba. Yaron da ya koyi karatu da Faransanci, in ya ga "cefane" zai ce sefane, don c gaban e haka take a wurinsa. In ya ga u zai tsuke baki, sai an rubuta masa ou. J kuma ba ta ba shi sautin "jiya" sai an sa d a gabanta. Ku dubi allunan hanya: Garoua, Maroua, Kousseri, N'Djamena. Mai zanen don masu karatunsa ya rubuta, ba don mutanen Kano ba.

Malam na Domayo, Marwa: Wa ya kawo Kano? Ƙa'idar boko ba gadon wani gari ba ce. Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya ta fara fita, a 1939. A 1966 aka zauna a Bamako ƙarƙashin UNESCO kan daidaita haruffan harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa da Fulatanci. In ma na gida kake so, haruffan bai-ɗaya na harsunan Kamaru da aka amince da su a 1979 suna da ɓ da ɗ, kuma c ce a madadin tch, u ce a madadin ou. Ɗauki littafin Fulatanci nan Marwa ka gani, da ƙugiyoyinsa. Sannan gaya mini yadda rubutun Faransanci zai raba "da" da "ɗa". Ba shi da hanya. Shi ya sa "koudin" ya fito ba ɗ.

Ɗan Kuseri: Ana taro, ana sa hannu, amma mutum nawa aka koya wa a aji?

Mai Maɗaba'a, Ngawundare: Ku bari in shiga, don nan sana'ata ce. Rashin ƙugiya galibi ba taurin kai ba ne, kayan aiki ne. Kwamfutocinmu masu allon rubutun Faransanci ne, wato AZERTY, ba ɓ ba ɗ ba ƙ a jikinsu. Ko an turo rubutun daidai, in salon haruffan da aka zaɓa ba shi da su, sai ka ga ɗan akwati a wurin, ko kwamfuta ta aro harafin daga wani salo ya fito kamar baƙo a tsakiyar kalma. Magani uku ne. A yi aiki da salon da ke da su, irin Charis SIL, Andika ko Noto Sans. A kulle haruffan cikin PDF kafin a kai wata kwamfuta. A buga gwaji ɗaya a karanta shi a takarda. A waya kuwa, Alhaji, ƙara Hausa cikin harsunan Gboard, wato allon rubutun waya na Google, haruffan za su samu.

Mai Zanen Allo, Garwa: Yallaɓai, duk wannan bai shafi zanen nan ba, da hannu aka rubuta maganganun. Matsalarsa tsarin aiki. Ana fara rubuta magana da fensir, a zagaye ta da da'ira, sannan a zana mutane a filin da ya rage. Shi da'irar ya fara yi, ya zo yana cusa kalmomi, shi ya sa ƙarshen "tchefane" ya hau kan layi. Harafi takwas a gurbin shida, ai dole. Abu na biyu, ana zana babba ne a rage. In faɗin zanen a jarida santimita 20 ne, ana yin sa a 40. Harafi mai tsayin milimita 5 zai koma biyu da rabi, layin alƙalami mai kaurin milimita 0.2 zai koma 0.1 ya ɓace. Shi ya sa ake amfani da 0.5 zuwa 0.8. Takardar jarida kuma tana shan tawada, sai cikin haruffan a da e ya toshe, ƙugiyar ƙ in ƙarama ce ta narke ta koma k. Wannan kuwa da waya aka ɗauki hotonsa, ga inuwa a kusurwar dama. Sikana ake sawa, 600 dpi, wato ɗigo 600 a kowane inci, baƙi da fari zalla.

Hajiya Uwar Biyu, Marwa: Jama'a, Alhaji fa kan tarbiyya ya yi magana. Ni ba bakin yaron ne ya fi damuna ba, dariyar uwar ce. Uba yana hukunci, uwa ba ta warware shi a gaban yaro, ko da ta ga ya yi kuskure, sai sun keɓe. Uban ma da nasa: ɗan shekara bakwai in za ka aike shi, ka faɗi abu ɗaya, ya maimaita maka, ka gaya masa canjin da zai dawo da shi. In ya saɓa, ya koma ya mayar da alewar, wannan ya fi kamun kunne shiga jiki.

Mai Zanen Allo, Garwa: Hajiya, ba ma yaro ya zana ba. Tsayin babba kai bakwai ne zuwa bakwai da rabi, na yaro irin wannan biyar zuwa shida, kai babba, wuya gajere. Shi ya ba yaron ƙirar babba ya rage tsayi kawai, sai ya fito kamar gajeren gardi yana mayar wa maigida magana. Batun hannun hagu kuma ba laifin mai zane ba ne. Aljihun babbar riga da aikin askarta a hagun mai sawa suke. Gida na farko suna hagu, na biyu sun koma dama. Juya hoton aka yi wajen tsara shafi, don yaron ya fuskanci gida na uku.

Mai Maɗaba'a, Ngawundare: Kullum mu ne jakin ɗora laifi. Da an juya, rubutun ma ai da ya juye.

Mai Zanen Allo, Garwa: Gida na biyu ba magana ko ɗaya a cikinsa, Yallaɓai. Duba.

Mai Maɗaba'a, Ngawundare: Wanda bai iya ƙirga kawuna ba, zai tuna gefen aljihu? Ku masu fenti in allo ya karkace sai ku ce bango ne.

Mai Zanen Allo, Garwa: Allo dai ba ya fitowa da akwati a tsakiyar kalma.

Ɗan Kuseri: Ni tambayata tana nan. Daga nan zuwa Njamena, gada ce kawai tsakani, saƙon waya nawa ne cikin goma ke zuwa da ƙugiya? Amma ana fahimtar juna, ana ciniki, ana ɗaurin aure.

Malam na Domayo, Marwa: Ana fahimta don an san mai maganar. Jarida kuwa yaro ke kwaikwayo.

Hajiya Uwar Biyu, Marwa: Wato ba mai cewa komai kan uwar?

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara. An amince cewa rubuta Hausa da tch da dj da ou kuskure ne, kamar yadda Malam ya kawo hujjoji masu shekaru, ɗaya ɓangaren kuwa allon hanya kaɗai ya kawo. An gane maɗaba'a ba ta da laifi, tunda ba wanda ya ga an juya hoton da idonsa. Mai zane ya koma ya koyi aiki. Hajiya ta yi nasiha, Allah ya saka. A rufe.

Ɗan Kuseri: Wa ya amince? Ranka ya daɗe, kai da Malam unguwarku ɗaya.

Mai Zanen Allo, Garwa: Aljihun dai yana dama.

Baban Yara, Garwa: To, na sa Hausar a waya. Zanen nan yana ɓata tarbiya. Ga ƙugiyarku nan. Yanzu wa zai amsa mini?

Malam na Domayo, Marwa: Madalla Alhaji, ɓ ta zauna. Sai dai ɗazu y biyu ka sa a tarbiyya, yanzu ɗaya. Wanne za mu ɗauka?