An ce in sauka ramin kokon takarda ranar Lahadi, ku ba ni shawara

Ɗan Aboabo:

Assalamu alaikum jama'ar gida, iyayena da yayyena. Shawara nake nema, kuma ta gaggawa ce, don yau Alhamis, ranar Lahadi ake so in yi aikin.

Wata takwas ke nan ina aiki a wata masana'antar takarda nan Kumasi, irin masu sayen tsofaffin kwalaye da takardun ofis suna mayar da su tishu. Ba zan faɗi sunanta ba, can abincina yake. Ni a wajen injin damu nake. Wani ƙaton kasko ne mai farfela a gindi, a zuba masa takarda da ruwa da kostik soda, ya yi ta juyawa har abin ya koma kamar koko. Mu ma koko muke ce masa. Daga nan sai ya gangara wani ramin siminti da ya kai tsayin mutum biyu, kafin famfo ya ja shi zuwa babban inji.

Yau sati uku babban injin ya tsaya, ana jiran kayan gyara daga Tema. Kokon da ya rage a ramin ya yi baƙi, in ka ɗaga murfin sai wari ya buge ka kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Shekaranjiya wani abokin aikina ya leƙa zai ciro igiya, ya ɗago yana layi, ya zube zaune ya riƙe kai. Aka sayo masa madarar gwangwani, aka ce don bai karya ba ne. Jiya shugaban sashenmu ya kira ni da wani yaro, ya ce Lahadi mu sauka da shebur da bokiti mu kwashe, za a ƙara mana kuɗi. Abin da aka ba mu takunkumin tsumma ne, irin na lokacin korona.

Ga kuma hannuna. Safar auduga muke sawa wajen zuba soda, tana jiƙewa, yanzu tsakanin yatsuna duk ya saɓule. Innata ke shafa mini man kaɗe da dare.

Har yanzu a matsayin ɗan wucin gadi nake. In na ce a'a, ina tsoron a ce kada in dawo, ga Inna ga ƙannena uku. Yaya zan yi?

Baba Fita, Asawase:

Wa'alaikumus salam. Ɗana, kada ka sauka. Ko nawa za a ƙara maka, kada ƙafarka ta taka tsanin nan ranar Lahadi.

Na tsufa cikin gyaran famfo da tankuna, na san warin da kake faɗi. In takarda ta jiƙa ta daɗe a inda iska ba ta shiga, ƙwayoyin cuta ne ke cin ta, suna fitar da wata iska mai suna haidirojin salfaid. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, shi ya sa take kwanciya a gindin rami. Abokinka daga baki kawai ya leƙa, ka ga yadda ta yi masa. To kai ƙasa aka ce ka je, kuma da shebur. Da ka soka shebur cikin kokon nan, wadda ta maƙale a ciki za ta taso gaba ɗaya.

Abin da ya fi ba ni tsoro game da ita, tana kashe hanci. In kaɗan ce za ka ji wari. In ta kai wajen kashi 100 cikin miliyan, sai hancin ya daina ji, mutum ya ce ai warin ya tafi, alhali lokacin ne ta fi yawa. In ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya faɗi, ba ihu ba kiran kowa. Sai na sama ya ga ɗan uwansa kwance, ya diro don ya ɗauko shi, shi ma ya kwanta. Haka ake fitar da gawa biyu ko uku daga rami guda.

Takunkumin tsumma ƙura yake tarewa, iska kuwa ratsa shi take yi kamar babu.

Inda ake aikin nan yadda ya kamata, sai an zura na'urar awon iska da igiya, sama da tsakiya da ƙasa, an ga iskar numfashi, wato oksijin, ba ta gaza kashi 19.5 cikin 100 ba, kuma babu guba. A sa fanka mai tiyo tana hura iska har a gama. Mai sauka ya ɗaura ɗamara da igiya, mutum guda ya tsaya a baki, ba ya zuwa ko'ina, ba ya kuma sauka ko me ya gani. Sannan a kashe wutar famfo da farfela, a sa kwaɗo a jikin makunnin, mai sauka ya riƙe makullin a aljihunsa. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Kun san halin wutarmu: a ɗauke, kowa ya manta injin a kunne yake, a kawo ta mutum na ciki.

Wani ɗan Yalwa:

Baba, mu dai a wajen haƙar rijiya fitila ake zurawa. In ba ta mutu ba sai a shiga. Ya gwada haka mana, ya kuma sha madara kafin ya sauka.

Baba Fita, Asawase:

A'a ɗana, wannan ramin ba rijiya ba ne. Fitila za ta ci gaba da ci lafiya lau a iskar da za ta kashe mutum. Bayan haka ita kanta iskar tana kama wuta, ita da sauran da ruɓaɓɓiyar takarda ke fitarwa. A watan Yulin 2008, a garin Tomahawk na jihar Wiskonsin ta Amurka, mutum uku suka mutu a masana'antar takarda suna walda a kan wani tanki. Ruwa ne da ɓarɓashin takarda a cikinsa, ba fetur ba, amma ƙwayoyin cuta sun cika shi da iska mai cin wuta, tartsatsi ya same ta. Kada a kai ashana ko sigari bakin ramin nan.

Anti Nas, Tafo:

Madara ba ta da aikin yi a nan, don Allah a daina. Guba ta huhu ta shiga, madara ciki take zuwa. Shi abokin naka a kai shi asibiti a duba ƙirjinsa, musamman in yana tari ko numfashi na yi masa wuya, kuma a gaya wa likita ainihin abin da ya shaƙa.

Ƙanena, hannunka ƙuna ce, ba kaushi ba. Santsin da kake ji kamar sabulu in soda ta taɓa ka, kitsen fatarka ne take narkarwa. Safar auduga ta fi hannu tsirara illa, don tana riƙe ruwan sodar a jikin fata har ka tashi aiki. Ta roba mai kauri ake so, wadda ta kai gwiwar hannu. Da zarar ta taɓa ka, cire abin da ya jiƙe, ka sa wurin ƙarƙashin famfo aƙalla minti 20. In garin ne ya zuba, kakkaɓe shi tukuna kafin ruwa. Ka gaishe da Inna, ka ce mata man kaɗe ba ya hawa kan fatar da ta buɗe. Haka manja da makilin da ɗanyen ƙwai da ake shafawa. Ka zo asibiti a wanke a ɗaure.

Ido ne ya fi damuna. Ɗigo ɗaya na iya makantar da mutum, don soda ba ta tsayawa a sama, ci take yi tana shiga. In ta faɗa, babu gudu neman mota tukuna. A buɗe fatar idon da yatsa, a yi ta zuba ruwa mai tsabta rabin awa, ko da fiya wata ne a huda a yi ta matsawa, sannan a nufi sashen ido na Asibitin Komfo Anokye ana ci gaba da zubawa a hanya. Gaya mini, famfo mafi kusa da inda kuke zuba sodar, taku nawa ne?

Ɗan Aboabo:

Anti, sai ka fita ka zaga bayan sito, inda muke alwala. Zai kai minti biyu. Tabarau kuwa guda ɗaya ne, shi ma ya dushe, ba mai sawa.

Hajiya Mai Sabulu, Sabon Zango:

Innalillahi. Ni da nake sabulu a tsakar gida ban taɓa buɗe buhun soda ba sai da bokitin ruwa cike a gefena. Yaro, ko ba a yi muku komai ba, ku ajiye duro mai famfo a wurin, kullum a sake ruwan. Kuma soda ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba ruwa kan soda, tafasa take yi ta fantsamo fuska. Wani abu kuma, kada ka taɓa ɗebo ta a gorar ruwan sha ka kawo gida don wankin bayi. Yara nawa ne a garin nan suka kurɓa suna zaton ruwa ne, maƙogwaro ya ƙone, abinci ya gagara wucewa. Mu masu sana'ar nan mun ga abin da ido.

Ɗan Aboabo:

Na gode Hajiya. Baba, tunda ana magana, akwai wani abin. A sitonmu jarkokin ruwan bilic da na asid da buhunan alif duk a jere suke, wasu takardar jikinsu ta goge. In an wanke jarka, lambatu ɗaya ake zubawa.

Baba Fita, Asawase:

Wannan ma wani ramin ne. Bilic in ya haɗu da asid, iskar kulorin yake bayarwa, mai ƙona ido da huhu. Ruwan alif ma tsami gare shi, zai iya tayar da ita. Kuma ba sai a jarka suke haɗuwa ba, lambatun ya isa. A watan Janairun 2002, a masana'antar takarda ta Naheola a jihar Alabama, wani sinadari ya zube ya bi magudana, ya tarar da asid a ciki, iska mai warin ƙwan nan ta fito ta murfin lambatu. Mutum biyu suka mutu, takwas suka jikkata, kuma a fili suke tsaye, ba cikin rami ba. A raba su, kowanne da ɓangarensa. Jarkar da ba rubutu kada ka shinshina, kada ka zuba. Kowane sinadari yana zuwa da takardar bayani mai sassa 16: na 4 taimakon gaggawa, na 8 kayan kariya, na 10 abin da ba a haɗa shi da shi. Ka tambayi mai sito ya nuna maka.

Ɗan Yuniyon:

Ƙanena, doka tana bayanka. Dokar Ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, sashe na 118 ya ɗora wa mai kamfani ba ka kayan kariya kyauta, ya kuma koya maka amfani da su. Sashe na 119 ya ce in ka ga haɗari mai tsanani da ke gab da rayuwarka ko lafiyarka, ka sanar da shugabanka nan take ka janye, kuma ba a korar ka ko a riƙe maka albashi saboda haka. Sashe na 120 ya ce a kai rahoton haɗarin wurin aiki ga hukuma cikin kwana 7. Batun wucin gadi kuwa, sashe na 75 ya ce wanda ya yi wata 6 a jere wajen mai aiki guda, ana ɗaukarsa tamkar na dindindin. Kai kana da takwas. Ka tura wa shugaban naka saƙo a rubuce, da kwanan wata, ka ajiye. Ka ɗauki hoton hannunka. Masu duba masana'antu, waɗanda dokar 1970 mai lamba 328 ta ba iko, suna da hurumin shigowa su duba. In an sallame ka, akwai Hukumar Ƙwadago ta Ƙasa.

Direba, Kaase:

Yaya, duk gaskiya ne, amma kafin a saurari ƙara tukunyar Inna ta yi wata nawa a kife? Ni shawarata kada ya je da sashe kaza a baki, kuma kada ya je shi kaɗai. Ku haɗu ku huɗu ko biyar har da wanda ya yi jirin. Ku ce aikin muna so a yi, amma daga sama. A saki ruwa da tiyo a tsinka kokon, a kira motar kwasar masai ta zuƙe. Ba wanda ya sauka, kuma ya fi shebur sauri. Mai kamfani in ka nuna masa hanya mai araha ya fi jin ka. Dokar ka riƙe ta a aljihu, in ya ƙi sai ka fito da ita.

Baba Fita, Asawase:

Direba ya kawo shawara. Sai dai lokacin da ake tsinkawar, kowa ya ja baya daga bakin ramin, a buɗe ƙofofi duka, don iskar za ta taso. Kuma ko an zuƙe tas, ba a sauka sai an auna.

Ɗan Aboabo:

Jama'a, ga yadda aka yi yau Asabar. Mun je mu biyar. Da farko ya ɗaga murya, ya ce shekara nawa ana kwashe ramin nan ba wanda ya mutu. Na ce masa a da kwana biyu kokon ke yi, wannan sati uku ne. Wanda ya yi jirin ya faɗi abin da ya ji da bakinsa. Ya yi shiru, ya shiga ofis ya daɗe. Da ya fito ya ce an ɗage, mota za ta zo Litinin, amma ƙarin kuɗin babu. Saƙon da Yaya ya ce in rubuta na tura, ina da shi.

Safar roba an ce sai ƙarshen wata, don haka na sayi tawa a Kejetia. Mun gungura duro ɗaya kusa da injin damu, mun cika shi. Anti, an wanke hannun an ɗaure, an ce in koma Talata. Abokina ma an duba shi.

Baba, abin da ya rage na'urar awon iskar nan. Kamfanin ba su da ita. In kun san inda ake haya a Kumasi ku gaya mini kafin Litinin, in kai wa shugaban namu.