Neman shawara: ƙanina mai shan inna yana son koyon tuƙa kayak

Sani Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanina Habu, ɗan shekara 17, cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana ƙarami, amma hannu ma sha Allah, da kekensa yake zuwa Sabon Garin Zariya ya dawo. Ya ga masu tseren kayak, wato ƙaramin kwale-kwalen da ake tuƙawa da filafili mai baki biyu, a waya, ya kafe sai ya gwada. Wani abokin aikina yana da na roba da ya sayo a Legas, ya ce zai ba mu aro. A ina za mu fara, me kuma za mu kiyaye?

Hajiya Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Ni dai Sani tsoro ya kama ni. Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Mai ƙafa biyu ma ya ya ƙare, balle shi?

Malam Lawal Samaru: Hajiya ki kwantar da hankalinki, ba sabon abu ba ne. Tun gasar nakasassu ta duniya da aka yi a Riyo ta Barazil a 2016 aka sa tseren kayak a ciki, na mita 200. Rukuni uku ake kasa su: KL1 na waɗanda hannu da kafaɗa kawai suke aiki da su, KL2 na masu ɗan ƙarfin ƙugu da ƙafa, KL3 na waɗanda gangar jikinsu lafiya lau sai dai ƙafar ta samu rauni. Abin da zan tambaye ka Sani, jirgin wane iri ne? Wanda ake zura ƙafa cikin rami, ko wanda ake zama a samansa? Kuma mazauni nawa?

Sani Tudun Wada: Na zama a sama ne Malam, mai faɗi, mazauni biyu.

Malam Lawal Samaru: To kun dace. In ya kife mutum zamewa kawai zai yi, babu inda ƙafa za ta maƙale. Habu ya zauna gaba, wanda ya iya ruwa sosai ya zauna baya. Amma ranar farko kada ma a ba shi filafili. A sa masa rigar ruwa, wato mai hana nutsewa, daidai jikinsa, a tsuke igiyoyinta har in ka kama kafaɗunta ka ja sama ba za ta haura kunnensa ba. A shiga da shi inda ruwa bai wuce ƙirjin babba ba, ya kwanta rigingine ya ji da kansa cewa rigar tana ɗauke da shi. Bayan nan a ɗora shi a jirgin, a sanar da shi, a kifar da gangan, ya fito ya kama gefe. A yi ta maimaitawa har ya daina firgita. Tuƙi abu ne mai sauƙi ga mai irin hannunsa, faɗawar ce ake koyo.

Ɗanjuma Mai Walda: Ni da na ce a samu bel ɗin mota a ɗaure shi da kujerar, tunda ƙafa ba za ta riƙe shi ba. Zan iya haɗa muku ƙarfen a shago.

Baba Sarkin Ruwa: A'a Ɗanjuma, kul! Ba a ɗaure mutum a jirgi, ko da rawani ne. Jirgi ya kife da ɗaurarre, kansa na ƙasa, kafin ka lalubo ƙullin cikin ruwan laka an gama. In dai taimako kake son yi, ga aikin da ya dace da kai: sanda mai ƙwari a gicciye a bayan mazauni, jarka rufaffiya a kowane gefe, ta hana jirgin tangal-tangal. Ka ja ta baya sosai don kada filafili ya riƙa dukanta. In yaro ya ƙware a cire.

Ɗanjuma Mai Walda: Na ji Baba, Allah ya ja da rai. Sani ka aiko min da awon faɗin jirgin.

Anti Rabi: Ni aikina gashin ƙashi ne, bari in sa baki. Mai lafiyar ƙafa yana dogara tafin ƙafarsa ne ya samu ƙarfin jan ruwa, shi Habu ba shi da wannan, don haka zamansa za a gyara. A yanko soson katifa mai tauri, a cusa a gefen ƙugunsa dama da hagu har ya daina zamewa, a sa wani a ƙarƙashin gwiwoyi su ɗan lanƙwashe, bayansa kuma ya samu majingina. Cusawa kawai, yadda in jirgi ya juya soson zai watse da kansa. Sa'arsa ɗaya, shan inna ba ta kashe ji a fata, in wani abu na gurzarsa zai faɗa. Wanda ya samu raunin laka ne ba ya ji, shi dole a riƙa duba masa mazaunai da diddige bayan kowane fita saboda gyambo. Sai kafaɗa. Kafaɗun nan su ne ƙafafunsa, da su yake murza keke, da su yake hawa gado. Kada zumuɗi ya sa ya wuni yana tuƙi ya kwana biyu bai iya fita ba. Kaɗan-kaɗan, kuma in da hali ku fara kai shi sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa da ke Shika a duba bayansa, don wasu masu shan inna ƙashin bayansu yana karkacewa.

Sani Tudun Wada: Na gode Anti. To wurin fa? Madatsar Kubanni ko kogin Galma?

Baba Sarkin Ruwa: Galma ba yanzu ba. Daga Yuli zuwa Satumba ruwan gudu yake, ga itace da shara a ƙarƙashi. Ku bari damina ta ja baya, amma kada ku kai tsakiyar hunturu, ƙafar mai shan inna ba ta son sanyi. Ku fita da hantsi kafin iska ta taso. Kuma duk gaɓar da kuka je ku gaida masuntan wurin, su suka san inda rami yake da inda aka kafa raga.

Malam Lawal Samaru: Madatsar Kubanni ruwanta a kwance yake, sai dai ta jami'ar ABU ce, daga nan ake ba harabarta ta Samaru ruwan sha, ba a shiga sai da izinin hukumar makaranta. Ku rubuta takarda.

Anti Rabi: Kada a manta da tsargiya. Ruwan da ke kwance mai katantanwa a bakin gaɓa nan ne gidanta, ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Darasin kifewar nan gara a yi shi a wurin iyo na otal in za su yarda. In kuma an shiga dam, duk wanda ya ga jini a fitsari ya tafi asibiti, akwai magani.

Hajiya Maman Ilham: To duk kun gama tsara masa, shi Habun an tambaye shi yadda yake so a sa shi cikin jirgin? Na san samarin nan, ba ya son a cicciɓe shi a gaban mutane.

Sani Tudun Wada: Gaskiyarki Hajiya, yanzu na karanta masa. Ya ce a ajiye jirgin a kan tabarma a bakin ruwa, shi zai sauko daga keke ya ja jiki ya hau da kansa, mu namu turawa kawai. Ɗanjuma, gobe bayan la'asar zan kawo maka jirgin ka auna da kanka. Malam Lawal, don Allah ka turo min yadda ake rubuta takardar izinin.